Tseren Jirage Bisa Shinkafar Baba

A shekarar da jan-baki suka sauka a fadamarmu ina koyarwa a wata firamare a Kende. Kusan kullum, da an tashi yara, sai in hau babur in nufi gida can wajen Geza, domin Baba ya manyanta, kuma tsaron tsuntsu ba aikin mutum ɗaya ba ne. Wanda bai taɓa ganin jan-baki ba zai ce mene ne abin tsoro a tsuntsun da za ka dunƙule a tafin hannu har ka rasa inda yake. Ni ma da guda ɗaya na gani, tausayinsa zan ji. To amma ba sa zuwa ɗai-ɗai. Da hantsi sai ka hango wani baƙin abu ya taso daga bakin kogin Kwara kamar hadari, ya miƙe, ya lanƙwashe, ya dunƙule wuri ɗaya, ya sake warwarewa, kuma duk yawansu ba wanda ke karo da ɗan'uwansa. Na sha tsayawa da majajjawa a hannu, baki buɗe, na manta abin da ya kawo ni, sai Baba ya daka mini tsawa sannan in tuna ɓarayi nake yi wa kallon sha'awa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a shekarar nan muka gani da idonmu.

Baba kuwa Allah ya yi masa murya. A garinmu ana tsokanarsa cewa in ya yi kira a gona, mutanen ƙetaren iyaka ne ke fara amsawa. Yana da gadon tsaro da ya kafa bisa dogayen sanduna a tsakiyar ruwa, daga nan igiyoyi suka bi ko'ina cikin gonar, an rataya musu gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. In ya fizgi igiya ya haɗa da wannan "Haaa!" tasa, sai ka ga tsuntsaye sun tashi kamar an watsa musu ruwan zafi. Tun asuba yake hawa, ba ya sauka sai salla. Ko abinci a can bisa yake ci, ya ɗaura igiyar a babban yatsan ƙafa, hannu na kai loma, ƙafa na aiki.

Ba don ciki kawai yake wannan wahala ba. Shinkafar da ke gonar ba irin ta kowa ba ce. Ja ce, mai dogon kara, mai bin ruwa, ruwa ya hau ta hau. Mahaifiyarsa ce ta zo da irin cikin ƙwarya ranar da aka kawo ta gidan, shi ya sa muke ce mata ta-tsohuwa. Ba ta da yawan amfani kamar gajeren irin nan na malaman gona, ga daɗewa kafin ta nuna, don haka mutane suka yi ta barinta ɗaya bayan ɗaya, har ya zama Baba kaɗai ke shuka ta a duk inda muka sani. Tuwonta kuwa, ranar da Inna ta tuƙa, maƙwabta ba sa jiran a gaya musu. A wannan shekarar ruwan farko ya kwashe shukar farko, Baba ya juye ragowar irin kaf ya sake shukawa. Ke nan duk ta-tsohuwar da ta rage, iyakar saninmu, ita ce tsaye cikin ruwan nan. Ta riga ta fitar da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa, in ka matsa sai farin abu kamar nono ya fito, kuma lokacin da jan-baki suka fi so ke nan. Ba ta kai yanka ba, ba yadda za a yi sai a tsare ta har ta nuna.

Wani abin kuma, gonar tana jingine da wani ƙaton kurmin gumbi, ƙayar nan ta bakin ruwa, kuma nan tsuntsayen suka zaɓa ya zama makwancinsu. Su wuni suna yawo a gonakin mutane, da yamma su dawo ta kan gonar Baba su shige ƙaya. Duk da haka shi ne ya fi kowa ragowar shinkafa, saboda maƙogwaron nan nasa.

Ana cikin haka malamin gona ya zo da labari, maigari ya sa aka yi shela. Za a turo ƙananan jirage biyu daga Birnin Kebbi su yi feshin magani a kan gumbin da almuru, lokacin da tsuntsayen suka taru. A rufe rijiyoyi, Fulani su janye shanu, kada kowa ya kusanci wurin, kuma kada a soya ko guda ɗaya cikin waɗanda za su mutu. Wannan na ƙarshe ya ba mutane haushi, domin soyayyen jan-baki da yaji ba abin rainawa ba ne. Amma cikin duk jawabin nan, abin da ya zauna a kunnen gari shi ne jirage biyu.

A nan yayana ya shigo cikin zancen. Direban babbar mota ne, Legas da Kwatano duk gidansa ne, kuma a lokacin yana gida saboda motar tana wurin gyara. Yaya mutum ne da ba ya iya ganin taro bai ƙara masa gishiri ba. Da yamma a teburin mai shayi ya zaro waya ya ce a matso a ga abin mamaki. Ni ma na leƙa. Wasu ƙananan jirage ne masu launi-launi, suna gudu ƙasa-ƙasa a wani fili fetal, suna zagaya wasu dogayen ginshiƙai. In sun zo kwana sai su kwanta a gefe ɗaya, fiffike ɗaya na nuna ƙasa ɗaya na nuna sama, wannan na neman shan gaban wancan, tsakaninsu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Can gefe ga mutane maƙil a kan benci hawa-hawa, kowa ya ɗaga kai.

"Wanga shi na tseren jirgi," in ji Yaya. "Can ƙasar Amurka, cikin hamada. Sai ka biya kana a bar ka ka zamna ka kalla."

Wani dattijo ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To waɗanga da za su zaka muna, don mi biyu?"

"Haba dattijo," in ji Yaya, "in aiki na, ai guda ya isa. Ka taɓa ganin an sa kwale-kwale biyu ga ruwa, an daidaita kawunansu, in ba tsere ba?"

Na ga lokacin da ya kashe mini ido. Wasa yake yi. Na yi gyaran murya irin ta malamai na ce jama'a feshi ne, ba tsere ba ne, amma wa zai saurari malamin firamare a inda direba ke magana? Kafin a kwana biyu zancen ya ci kasuwar Matsinkai, ya isa Bagudo, ya ƙetara iyaka ba tare da ya nuna takarda ba. Da ya juyo ya dawo mana, har an ƙara cewa wani attajiri ya sa bijimi ga matuƙin da ya zo na ɗaya.

Mu kuma mutanen bakin ruwa muna da tamu ɗabi'ar. Ba mu san kallon tsere da baki rufe ba. In ana tseren kwale-kwale, makaɗa na bakin gaɓa, mata na guɗa, ana yi wa masu tuƙi kirari, domin a wurinmu daga kiɗan nan suke samun ƙarfin damtse. Ka tsaya ka yi shiru mutum na zuba gumi a gabanka, wannan rowa ce. Saboda haka ba wanda ya ga laifi da makaɗa suka fara ɗaure ganguna. Baƙi za su zo daga nesa su yi gudu a samanmu, ai ba ma bari su koma su ce mutanen Geza ba su san karamci ba. Gardamar da aka yi kawai ita ce ta inda ya fi dacewa a tsaya. Wasu suka ce kan hanyar mota, wasu suka ce bisa rufin makaranta. Yaya ya raba gardama, ya ce akwai giginyu biyu dogaye, ɗaya a kowane ƙarshen gumbin, su ne za su zama ginshiƙan da za a zagaya, don haka tudun da ke gindin gumbin ya fi ko'ina.

Ranar da aka sa, tun la'asar 'yan kabu-kabu ke sauke mutane. Na ga fuskokin da ban taɓa gani ba, 'yan ƙasar Binin suna ta yarensu na Dandanci, samarin Fulani da sandunansu a kafaɗa, masu soyayyen kifi, masu rake, masu ƙosai. Malamin gona yana ta kai da kawowa yana ɗaga hannu yana roƙo a ja da baya, mutane na matsa masa suna cewa ya zauna ga wuri. Tsuntsayen suka fara dawowa kamar kullum, igiya-igiya, suna zuba cikin ƙaya. Sai muka ji wani gurnani daga nesa. Wani ya yi ihu, "Ga su nan!" Ganguna suka ɗauka gaba ɗaya, mata suka rangaɗa guɗa, masu babura suka danna ham.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Gumbin ne gaba ɗaya ya tashi sama. Haka idona ya gani, kamar an ɗaga kurmin daga saiwarsa. Rana ta dushe, iskar fikafikansu ta bugi fuskokinmu, suka yi wani juyi guda suka bi kan kogi suka ɓace. Jim kaɗan jiragen suka iso, ɗaya rawaya, ɗaya fari mai jan ciki, ƙasa-ƙasa har ina hango kan mutum a ciki. Suka zuba maganinsu a kan ƙaya wadda ba kowa, suka juya suka tafi. Jama'a suka watse cikin murna, ana ta musun wanne ya riga wanne. Da gari ya waye jan-baki suka dawo, ko ɗaya bai ragu ba.

Da hantsi aka taru a ƙofar maigari. Malamin gona bai yi faɗa ba, da ma muryarsa ta riga ta tafi. Ya ce jiragen za su iya dawowa sau ɗaya tak, yau da yamma, daga nan za su wuce wasu ƙananan hukumomi da su ma ke kuka. Ya ce tsuntsayen sun tsorata, abu kaɗan zai hana su shiga gumbin. Don haka masu kallo su tsaya can kan hanyar mota, kuma ko tari kada a yi. Masu gonakin nesa su yi ta kaɗa gwangwani iyakar ƙarfinsu don a koro tsuntsayen wuri ɗaya. Amma duk abin da ke kusa da gumbin, daga azahar, kada a ji motsin komai.

Bai ambaci sunan kowa ba. Ba ya ma buƙata. Gona ɗaya ce a jikin gumbin, kuma kowa ya san abin da zai faru da gonar da ta yi shiru alhali duk fadama na ihu. Kawuna suka juya wajen Baba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon Yaya ne ya ja, Baba ruwan ya nufa. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa.

Maigari ya yi gyaran murya ya dubi Baba ya ce, "Malam, kowa ya san abin da muka roƙo ba ƙarami na ba. In kaka ta yi, duk mai gona hwadamag ga zai kawo maka dami. Rumbunka ba ya zama wohi, ni na ɗauka."

Ba a karya alkawarin nan ba daga baya, ya kamata in faɗa. Amma a ranar Baba ya ɗago ya dube shi ya ce, "Ranka shi daɗe, cikinku wa ad da ta-tsohuwa da za shi kawo man?"

Baba ya tashi ya kaɗe rigarsa ya kama hanyar fadama, bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Na bi shi. Ya hau gadonsa ya kama igiya, kuma wallahi ban taɓa jin ya yi ihu irin na safiyar nan ba. Ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Na ce a raina shi ke nan, ya ƙi, kuma ban ga laifinsa ba. Can sai ga Yaya cikin kwale-kwale da wani ƙunshi a gaba. Ashe gidajen sauron gidanmu ya kwance kaf, har da na Inna. Ya ce ya roƙi malamin gona, ya yarda a rufe kusurwa ɗaya ta gonar, muddin an shafe su da laka don kada farinsu ya firgita tsuntsu, kuma an ɗaure su tamau ba sa kaɗawa. Muka shiga ruwa har ƙirji, muka kafa sanduna, muka baza su a kan 'yar shinkafar da ba ta fi faɗin ɗaki ba. Yaya bai yi barkwanci ko sau ɗaya ba, abin da ban saba gani ba. Baba yana kallonmu daga bisa.

Da aka kira azahar ya sauko ya yi salla a kan tudu. Ya koma ya kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana sassauta su a hankali har gwangwanayen suka nutse cikin ruwa ba tare da sun yi ƙara ba. Sannan ya ce mini, "Kamo muna jirgin ruwa mu tahi."

Ina tuƙi na ce, "Baba, ba dole na ba. Ba mai ganin laihinka."

Ya ce, "Saurara." Na tsayar da tuƙi. Daga nesa ana jin gwangwanaye, da wasu 'yan muryoyi a shaƙe kamar na 'yan awaki. "Ka ji ɗiyan mutane? Duk muryassu ta disashe. Ni kaɗai ad da maƙoshi garin ga. In na tsare tawa, su wa za shi tsare masu?"

Malamin gona ya bar mu muka zauna tare da shi a wani tudu inda iska ke kaɗawa daga bayanmu, ba za ta kawo mana magani ba. Daga nan ana ganin gonar sarai. Da farko tsuntsaye 'yan kaɗan ne suka zo, suka sauka a gefe, suna tashi suna sauka kamar ba su yarda ba. Da suka ji ba tsawa, sai labari ya kai. Suka riƙa zubowa daga kowace kusurwa ta fadama, duk waɗanda aka koro daga gonakin mutane, har koren gonar ya ɓace, ta koma launin ƙasa mai motsi. Ashe cinsu yana da sauti. Ban taɓa ji ba, domin ba a taɓa yin shiru an bar su ba. Wani sauti ne siriri mara yankewa, kamar yayyafi a kan kwano. Na saci kallon Baba. Yana zaune ya miƙe ƙafafu, hannayensa a kan gwiwa, babban yatsan ƙafarsa na ta fizgar igiyar da babu. Zuciyata ta karye, na kau da kai.

Can baya a kan hanyar mota taron ya fi na jiya. Amma da ba ka waiwaya ba, ba za ka san da mutum ko ɗaya ba. Mutanenmu, waɗanda ko a gidan makoki sai an tsawata musu, ga su tsaye cirko-cirko ba mai ko tari. Makaɗa sun zo da gangunansu, don ba su iya barinsu a gida ba, amma kowa ya rungume tasa a ƙirji. Labarin abin da Baba ya yi ya riga ya zagaya, har 'yan ƙetare sun ji.

Da rana ta yi ja, tsuntsayen suka ƙoshi suka fara tashi suna shiga gumbin. Rassan suka yi ta sunkuyawa saboda nauyi har suna taɓa ruwa. Surutunsu ya cika wurin kamar kasuwa ta ci. Malamin gona ya raɗa mini cewa lokacin ɗan kaɗan ne: in jiragen suka zo da wuri tsuntsu bai gama taruwa ba, in suka makara duhu ya hana su sauka ƙasa. Rana ta taɓa kan itatuwan ƙetaren kogi. Ba jirgi. Ta nutse rabi. Ba jirgi. In ba su zo ba, Baba ya ba da ta-tsohuwa a banza.

Sai na ji gurnanin jiragen a ƙirjina tun kafin kunnena ya ji. Suka ɓullo ta kan kogi, ƙasa ƙwarai, har ruwa na yin tsagi a ƙarƙashinsu, rawayan a gaba, farin na binsa a gefe. Na san feshi ne. Ni ne ma na yi ta faɗa wa mutane haka. Amma da rawayan ya iso giginyar farko ya kwanta a gefe, fiffike ɗaya ya nuna ƙasa, ragowar hasken rana ya bugi cikinsa ya yi wal, ya zagaya ta kamar an ɗaure shi da igiya a jikinta, sai duk iliminna ya gudu ya bar ni. Ganyen giginyar ya kwanta ya tashi. Farin ya bi sawunsa, ya yanke kwanar ta ciki, suka miƙe a kan gumbin kafaɗa da kafaɗa, kowanne na jan wani dogon farin hayaƙi a baya, hasken yamma ya mai da shi ruwan zinariya yana sauka a hankali a kan ƙaya.

Wasu tsuntsayen suka yunƙura suka tashi, suka yi bango baƙi a gaban jiragen. Na rufe ido na buɗe, na ga rawayan ya ɗaga hanci ya haye ta samansu, farin ya kauce ta gefe, suka sake haɗuwa a giginya ta biyu. Nan ma suka kwanta suka juyo. Ƙarar ta cika duniya, ƙasa na rawa a ƙarƙashina. Suka tafi, suka dawo, suka sake tafiya, wani zubin farin na gaba, wani zubin rawayan, kuma kowane zagaye hasken na raguwa, har na gane cewa tseren gaske ake yi, sai dai da rana ake yin sa. Na ji bakina na ta maimaita subhanallahi ba tare da na sa shi ba. Ɗan Adam, wanda in ya faɗo daga bisan jaki sai an yi masa ɗori, shi ne zaune cikin ƙarfe yana wasa da iska tsakanin giginyu biyu. Tsoro ya kama ni, daɗi ya kama ni, na ji ni ɗan ƙarami ƙwarai, kuma ban so abin ya ƙare ba.

Na waiwaya sau ɗaya wajen hanya. Hannaye ne kawai ke magana, kowa na nuna nasa, wasu na tsalle a inda suke. Wata tsohuwa da aka sani da guɗa ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, hawaye na zuba. A zagayen ƙarshe rawayan ya riga kaiwa giginya, ya miƙe sama, ya karkaɗa fikafikansa hagu da dama, farin ya bi shi, suka ƙanƙance har suka zama ɗigo biyu. Malamin gona ya ɗaga hannu ya yi wa jama'a alama an gama. Abin da aka danne tun azahar ya fashe lokaci ɗaya, ganguna da guɗa da kabbara, har da kyar aka ji kiran magariba.

Washegari da sassafe muka shiga kwale-kwale, ni da Baba da Yaya, mun ɗaure hanci da ƙyalle. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Duk faɗin fadama ba gwangwani, ba ihu, sai kukan kwaɗi da motsin ruwa. Ƙarƙashin gumbin kuwa ba a ganin ruwan, gawarwakin tsuntsu sun rufe shi. Mutanen da muka wuce a gonakinsu suna ɗago hannu biyu suna gaida Baba, yana amsawa da kai.

Daga nesa gonarmu kamar ba abin da ya same ta. Sai da muka matso na ga kawunan shinkafar duk a tsaye suke ƙyam. Kan da ke da ƙwaya sunkuyawa yake yi. Yaya bai jira mun tsaya ba, ya dira cikin ruwa ya nufi kusurwar da muka rufe. Sandunan sun karkace. Tsuntsayen sun sauka a kan gidajen sauron da yawansu har suka danne su, sun tsattsage abin da bakinsu ya kai ta cikin ramukan, sannan waɗanda magani ya kama cikin dare suka zubo a kai, nauyinsu ya karya karan ya nutsar da shi. Yaya ya ɗaga ragar yana lalube a ƙarƙashi, yana fito da karyayyun kawuna yana dubawa yana yarwa. Ƙato da shi, mai gemu, yana kuka kamar yaro.

"Hito haka nan," in ji Baba. "Ruwan ga na da magani."

Shi kuma ya miƙa hannu daga cikin kwale-kwalen ya tsinko kai ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hura. Komai ya tashi. Ya sa na tuƙa shi gaba, ya tsinko wani, ya murza, ya hura. Haka muka bi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ban ce masa ya isa ba, shi ma bai gaji ba. A ƙarshen gonar ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya goge shi a riga.

"Kai," ya ce mini, bai juyo ba, "ka duba sama jiya?"

Na ce na duba. Sai a lokacin na gane cewa shi bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

"Wanne yac ci?"

"Rawayan, Baba."

"Ya yi kyawon gani?"

Na so in rage, don kada in ƙara masa ciwo, amma Baba ba mutumin da ake yi wa haka ba ne. Na ce masa tun da aka haife ni ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma ba na jin zan sake gani.

Ya gyaɗa kai a hankali. "To alhamdu lillahi," ya ce. "Da ba ka gani ba, da mun yi hasara biyu."

Sannan ya naɗe hannun riga, ya sa hannu cikin ruwa ya fara jawo igiyar gwangwanayensa.